Taɓaryar da Ba Ta Fito a Kaset Ba

Ranar wata Laraba ce da hantsi, da kakar shekarar da na bar makaranta daga aji huɗu, babanmu ya shigo gidanmu na Roni rungume da rikodar aro da batir huɗu a aljihu. Ƙanensa, Baffa Sale, ya shekara bakwai yana tuƙin mota a Fatakwal bai leƙo gida ba, ga mahaifiyarsu Iya tana ta fama da jiki. Babu mai iya wasiƙa a gidan, sai dai a yi magana a kaset a ba direba. Baba ya zauna a zaure ya cika fuska ɗaya da gaisuwa da faɗa, ya ce ɗaya fuskar ta Iya ce, in kai mata ta kira ɗanta da bakinta. Iya ta dubi abin ta kau da kai. "Ni ba na magana da akwati," in ji ta. Ta ci gaba da jan carbinta.

Ni kuwa na samu abin wasa. Na danna jan maɓallin na shiga yawo da ita. Na kanga ta a bakin rijiya guga na dukan ruwa, na bi kaji da ita har gindin rumbu, na tsaya a bayan katangar maƙera, na dawo tsakar gida inda innarmu da matar wan babanmu suke lugude. Kafin in gama batir ya yi sanyi. Da aka kunna da sabo, sai komai ya fito a guje, zakara kamar ɗan tsako, gudumar maƙeri kamar ana kaɗa cokali. Baba bai yi dariya ba. Ya zane ni da igiyar guga, ya ce na kashe saƙon da zai dawo da ƙanensa. Direba zai tashi washegari, haka aka ba shi kaset ɗin.

Bayan mako uku sai ga Baffa Sale da jaka ɗaya. Ya gaya wa baba a gabanmu cewa faɗansa sau ɗaya ya saurara, don ya saba jin irinsa. Ɗaya fuskar ce ya yi ta maimaitawa a mota, har ya gane rijiyar, ya gane maƙerar. Da ya zo kan luguden sai ya tsayar da mota a gefen titi. Taɓaryar Iya tana da tsaga da aka ɗaure da fata, tana da wani ƙwas da ba ya ɓoyuwa, kuma tun tasowarsa ba a taɓa lugude a gidan Iya ba ta karɓa ba, ko da bugu goma ne.

"Yaya, taɓarya biyu na ji," ya ce. "Shi ya sa na taho."

A damunar da ta biyo baya Iya ta rasu, yana riƙe da hannunta. Baba bai taɓa ba ni haƙuri kan dukan ba, ni ma ban nema ba.

Yanzu 'yata Nafisa tana karatu a Kazaure, tana bin gari da waya tana ɗaukar ƙarar adaidaita da injin niƙa da kwaɗin bakin dam, ta zuba a kwamfuta ta ja ta lanƙwasa, wai har a ƙasashen waje ana saurare. Na gaya mata gaskiya, ni ban ji kiɗa a ciki ba, hayaniya ce. Ta ce, "Baba, ba rawa ake da shi ba, saurare ake." Wannan kuwa na riga na sani.

Rannan ta saka min abin a kunne, na saurara har ƙarshe. Injin na nan, babura na nan, kiran salla daga nesa na nan. Guga babu, taɓarya babu ko ɗaya. Ban gaya mata ba. Mai jin abin da babu, sai wanda ya san gidan.