Jigawa Ba Ta Jira

Ran da na tashi, mu biyar ne a ƙofar gida: ni, da maigidana Malam Garba, da ƙanwata Hajo, da Tanko mai jakuna, da Kande maƙwabciya, wadda ba wanda ya kira ta. Zamanin Nasara ne, damina na bakin ƙofa. Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, malamin asibiti ne a Dogon Dutsi. Fatake sunka ce ya rame ya koma kamar kara, aiki zai kashe shi.

Malam ya ce, "In ruwa ya sauka kina can fa?"

Na ce, "Iri na cikin tulu, ba ya ramewa."

Geceme zuwa Tibiri

Muna sallame asuba munka hau jakuna, ni da Tanko. Rairayi har idon sawu. Da azahar munka shiga Tibiri, na sauka wurin ɗiyar yayana. Tuwon gero ta yi, miyar kuka, gishiri ya yi yawa, na kuwa gaya mata.

Kore Mairuwa

Kashegari da hantsi munka iso bakin babbar hanya. Wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya tare mu.

"Tsohuwa, ina za ki?"

"Wurin likita."

"Mi ke damun ki?"

"Likitan ne ba lafiya."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya tsayar mini da motar gyaɗa. Tanko ya zauna jira na da jakuna. Direba ya ce, "Inna, riƙe ƙarfe da hannu biyu." Ɗaya na ba ƙarfe, ɗaya na kan ƙwaryar furar da na kawo.

Dogon Dutsi

La'asar sakaliya munka sauka. Yaron nawa ya durƙusa zai gaishe ni, bai kai ga tambayar ubansa ba anka kira shi. Wuyansa na gani, na kau da kai.

Da safe na shimfiɗa tabarma gindin tsamiyar asibiti, na zuba ido. Masinjan kumanda, Baturen da ke mulkin garin, na jiran takarda. Wani gardi na faɗa kan ƙaya a ƙafarsa. Wani ɗan kasuwa na tari da gangan. Duk wanda ya fi ɗaga murya, can yaron ke rugawa, ya bar wancan aiki rabi. Furar da na dama masa har ta tsinke.

Can ƙarshen layi wata Bafillatana ke zaune da jaririya a cinya. Tun safe ban ji kukan yarinyar ba. Na tashi na shafa kanta, maɗiga ta faɗa, leɓe ya bushe. Uwar ta ce zawo ne, kwana uku.

Na je na tsaya masa a ƙofa.

"Likita."

"Inna, bari in ƙare takardar kumanda."

"Gonar ubanka biyu. In ruwa ya sauka, wace ake fara shukawa?"

Ya dube ni kamar na zautu. "Jigawa."

"Don mi?"

"Tana saurin shanye ruwa. Fadama ko na riƙe danshi."

"To duk mai ƙarfin faɗa fadama ne. Ga jigawarka can ta yi shiru."

Ya aje alƙalami. Gardi ya ce, "Ni fa na riga zuwa!" Na ce, "Ƙayar da ta kwana a ƙafarka ba ta ƙi ta yini ba, ɗan nan." Masinja ma ya ga dama ya zauna.

Yaron ya ɗauki jaririyar da kansa, ya yi ta ɗiga mata ruwan magani da cokali. Gab da la'asar ta tsala kuka. Na goyi ɗiya tara, ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Da ya fito na sake dama fura, na aje masa ƙwarya. Ya ce saura mutum uku.

Na ce, "Na duba su, fadama ne. Zauna. Kai ma jigawa ne."

Ya zauna. Ban ɗaga ba sai da ya ga gindin ƙwaryar.

Kwana huɗu na ƙara. Kullum kafin ya buɗe ƙofa sai ya bi layi daga ƙarshe, yana neman wanda ya yi shiru. Takarda sai bayan azahar, wankin miki ya bar wa abokin aikinsa. Kumanda bai mutu ba. Yaron ko har ya sami sukunin tambayar ubansa.

Komawa

Mota ta maida ni wurin Tanko. Mun baro Tibiri kaɗan hadari ya haɗo, munka shiga Geceme da magariba jiƙe sharkaf. Na gode Allah, na gode wa Tanko da direban da ban san sunansa ba.

Malam ya ce, "Yaya yaron?"

Na ce, "Yana ci."

Da gari ya waye Kande ta leƙo neman labari. Na ce ta dawo da marece. Na zuba iri a ƙwaryar nan da yaron ya shanye, na nufi jigawa.