Yadda Na Faɗa Aikin Ido

Lokacin da na gama karatun likita na dawo Gusau aikin sanin makama, kowa a gidanmu ya riga ya zaɓar mini fanni. Inna tana so in zama likitar mata, don matan unguwa su samu wadda ba za su ji kunyarta ba. Baba, da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya fi son babbar tiyata, irin wadda ake buɗe ciki. Ni kuwa ban san abin da nake so ba. Na dai san na gaji. Watannin da na yi a sashen gaggawa sun sa ko abinci nake ci, fuskokin waɗanda muka rasa nake gani.

Ana cikin haka aka tura ni sashen ido na ɗan lokaci. Na tafi ina murna, ba don ina son wurin ba, sai don an ce can ana hutawa. Shugabar sashen wata dattijuwar likita ce marar yawan magana. Ranar farko ta zaunar da ni gaban madubin duba ido ta ce, "Leƙa ki gaya mini abin da kika gani." Na leƙa, ban ga komai ba sai hasken fitila. Ta gyara mini zama, ta ce in sake. Sai ga cikin idon mutum ya buɗe a gabana, jijiyoyi siri-siri ja kamar saiwar gero. Na daɗe ban ɗago ba.

A makon nan aka kawo wata tsohuwa daga Furfuri, mai sana'ar daddawa. Yanar ido ta rufe mata ido biyu, har ta daina fita. Ɗiyarta ce ke riƙe da hannunta, ita ke yi mata wanka, ita ke ɗaura mata zane. Tsohuwar ba ta so zuwa ba.

"Tsufa ne, ɗiyata," in ji ta. "Ana yi wa tsufa aiki?"

"Gwaggo, wannan ba tsufa kaɗai ba ne," na ce. "Yana ce, kuma ana cire ta."

Aka yi mata ido ɗaya. Na tsaya a gefe ina kallo, aikin bai kai tsawon dahuwar shinkafa ba. Washegari da safe shugabar ta ce ni zan cire bandejin. Na ɗaye shi a hankali. Tsohuwar ta ƙiƙƙifta, ta dubi taga, ta dubi tafin hannunta. Muna jiran ta yi kuka ko ta yi kabbara. Sai ta sunkuya ta kalli jikinta, ta juya wajen ɗiyarta.

"Ke, wa ya ɗaura mini wannan zane? Ina shuɗina?"

Ɗiyar ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta durƙusa ta rungume ƙafafun uwar. Tsohuwar kuwa ba ta fasa faɗa ba. Da za su tafi, ta ture hannun da aka miƙo mata, ta fita da ƙafarta tana karanta fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Da na faɗa wa Baba shawarar da na yanke, ya ajiye rediyonsa ya dube ni.

"Duk shekarun nan, ki ƙare a ɗan abin da bai kai goro ba?"

Na ce masa eh, kuma zan sake tafiya ƙarin karatu. Sai ya ce, "To, Allah Ya sa albarka." Na san bai gamsu ba, amma bai hana ni ba.

Bayan na ƙware na dawo, na gane ba kullum ake cire bandeji a yi dariya ba. Akwai wani ɗan acaɓa daga Tsafe, magidanci mai ƙananan yara. Ya ce ya fara buge mutane da gefen babur, ba ya ganinsu sai sun zo gabansa. Hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani a hankali ba tare da zafi ba. Abin da ya tafi ya tafi. Na gaya masa gaskiya: zan iya tsare masa ragowar da maganin ɗigawa, amma babur ya ƙare.

Ya daɗe yana murza hularsa. "Likita, da mi zan ciyar da su?"

Na dai ce masa ciwon yana bin jini, ya turo mini 'yan'uwansa. Ban sa ran zai yi ba, don ya fita ko sallama babu.

Bayan sallar layya sai ga shi da ƙannensa da yayarsa, sun cika bencin. Na duba su duka. Ƙaramin, wanda ke koyarwa a firamare, ciwon ya fara kama shi bai sani ba. Muka tare shi da wuri. Shi kuma ɗan acaɓan ya sayar da babur ya kama awon hatsi a kasuwar Tsafe. Har yau yakan zo awon ido, ya zauna yana yi wa na kusa da shi wa'azin kada su yi wasa da ɗiga magani.

Yanzu wasu ranakun mukan ɗauki kaya mu tafi Bungudu duba mutane. Kafin mu iso tsofaffi sun jeru a inuwar dalbejiya, kowa da sandarsa. Bayana yakan yi ciwo saboda sunkuyo, wani lokacin wuta ta ɗauke ana tsakar aiki. Amma nakan koma gida kafin magariba in ci tuwo da yarana, kuma da safe ina ɗokin fita.