Ruwan da na ƙi sha a gonar Utai

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shiga tun bayan ƙaramar salla, ga ni. Na ji wasu sun ce sun huta da faɗana a shafin nan. To, hutun ya ƙare.

Jinya na yi. Kuma yau a kan fitsari zan yi magana. Wadda take jin kunya ta daure ta karanta.

Zafin bazarar bana kowa ya ji shi a jikinsa. Ina da gonar gado a Utai, kuma lokacin ne ake kai taki. Maigidana, Malam, yana wurin aiki, don haka ni nake zuwa in tsaya a kan masu amalanke.

Kun san gona da bazara. Fili ne fetal, ba dawa ba gero, ana hango mutum daga nesa. Ga maza suna aiki. Ina mace za ta tsuguna? Sai na yi abin da muka ga iyayenmu mata suna yi in za su kasuwa ko doguwar tafiya: ba na shan ruwa tun safe, sai na dawo gida.

Ciwon kai ne ya fara. Fitsarina ya koma kamar ruwan shayi, kuma ɗan kaɗan. Na aika kemis aka sayo mini ƙwayar ciwon jiki, ina sha safe da yamma.

Ana haka, wata rana maƙwabcin gonata, Malam Sale, ya cinna wa sharar gonarsa wuta da tsakar rana. Iska ta juya. Kafin mu ankara wutar ta bi busasshiyar ciyawar kan iyaka, ta kama harawar dabbobina da na tara a gindin ɗorawa. Muka karyo rassan darbejiya muna bugu. Ina cikin bugun na ji gumi ya ɗauke mini, ga kuma zafi kamar a tanda. Ƙasa ta fara juyawa.

Na farka a asibiti a Wudil ana mini ƙarin ruwa, 'yata Khadija, wadda take jami'a, tana tsaye a kaina. Aka ɗebi jini. Da sakamakon ya fito aka ce mu wuce Kano.

Likitar da ta karɓe mu a can ba ta girmi Khadija da yawa ba. A gaban Malam ta ce, "Mama, yaushe rabonki da fitsari?"

Na kawar da kai.

Ta ce, "Mama, ba rashin kunya nake miki ba. Ƙodarki ta kusa tsayawa. Zafi, da rashin ruwa, da ƙwayar nan, su suka haɗu a kanta. In ba ta farfaɗo ba, sai mun fara wankin ƙoda."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na san gidajen da wankin ƙoda ya cinye musu gona, kuma mai ciwon bai tashi ba. Gwaje-gwaje da magani kaɗai sai da Malam ya sayar da ragunan da muke kiwo don babbar salla.

Aka sa mini roba, aka rataye jakar fitsari a gefen gado. Duk nas ɗin da ta shigo sai ta ɗaga ta duba, ta rubuta. Kullum da safe a ɗebi jini. Jakar nan kuwa kusan wayam. Khadija tana mini fifita, amma idonta yana kan jakar.

Wata safiya ta ce, "Umma, ya fara zuwa. Duba ki gani."

Ta kira babanta a waya, da ƙarfi, a tsakiyar ɗakin mata: "Abba, Umma ta yi fitsari!" Masu jinya suka ɗauki hamdala. Ni da ko buta ba na ɗauka a gaban baƙo. Na ja mayafi na rufe fuska, ina kuka.

Ba a yi wankin ba. Yanzu ina gida, ina komawa gwaji, kuma an hana ni shan kowace ƙwaya sai da izinin likita.

Malam Sale ya zo dubiya, ya tsuguna a zaure. "Hajiya, a yafe mini. Wallahi ban zaci iskar za ta juya ba."

Na ce, "Iska ba ta shawara da kowa, Malam Sale, amma ranar ai kana ganinta. Na yafe harawa. Sai dai akwai aiki. Ka haƙa rami a kan iyakarmu, ka kewaye shi da zana, na mata."

Ya fara dariya. Da ya dubi fuskata ya daina. Ya yi aikin, har ya share kewayen wurin saboda wuta.

Maza, in za ku ƙona shara ku bari rana ta yi sanyi, ku share iyaka tukuna, kuma kada ku tafi sai wutar ta mutu. Mata, ku sha ruwa. In fitsari ya yi duhu ko ya ragu, asibiti za ku, ba kemis ba. Kunya ina nan a kanta, kuma zan ci gaba da yi wa 'ya'yanku faɗa a kai. Amma ƙin shan ruwa ba ya cikinta.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da masu amalanken da suka ɗauke ni, da duk wanda ya yi mini addu'a. Khadija, Allah ya yi miki albarka.

Makon jiya na leƙa gonar, shuka ba ta kai gwiwa ba. Na ga wata tsohuwa ta fito daga kewayen zanar da butarta. Ba ta san ni ba. Na miƙa mata gorar ruwana, ta kafa kai ta sha sosai, ba ta ko waiwaya ta ga ko akwai maza ba.