Yatsana yana layi na biyu

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mamana: na gama firamare ban iya karatu sosai ba. Haddacewa nake yi. A ajinmu na makarantar unguwar Bukoki bi da bi ake karatu, sai in gano wurin da zai faɗo kaina, in sa yayata ta yi ta karanta mini shi har ya zauna. Ita ta ɗauka ƙwazo ne.

Makon jiya wata madam ta zo lakwal, wato makarantarmu, gwada basirarmu mu ƴan sizyem, ajin farko na kwaleji. Haɗa siffofi, lissafin ka, duk na cinye. Ta ce wa malaminmu zan yi nisa. Labari ya kai gida, Baba har ya fara kirana likita.

Washegari ta kira ni ni kaɗai, ta buɗe littafin ajinmu. Na zuba karatu ba tsayawa.

"Hadiza, ya yi kyau," ta ce. "Amma tun ɗazu yatsanki yana layi na biyu, bakinki kuwa ya kai shafi na gaba."

Na sunkuyar da kai. "Madam, haruffan ne ke cakuɗe mini. Ashe ba ni da ƙwaƙwalwa ke nan?"

"Ƙwaƙwalwar ce ta ɓoye ki shekara shida, ɗiyata. Wannan matsala daban ce, kuma ana koyar da masu ita. Amma littattafan kwaleji sun fi ƙarfin hadda."

Ta ce in ina so, in same ta ran Asabar.

Ko akwai wanda haruffa ke yi wa haka? Ni dai tun ranar ban sake kai wa yayata littafin ba. Asabar zan je.