Jifa na Bakwai

Wani Bature ne ya koya mana kurket, wasan jifan ƙwallo da bugunsa da sanda, a sakandare. A ƙasarsu ya taɓa buga wa lardinsa wasa, da gwiwa ta ƙi ya koma alƙalancin wasa, daga baya aikin koyarwa ya jefo shi Bauchi. Ni ma ban yi nisa da sanda ba, hannuna ya fi ƙwarewa wajen tuwo, sai ya maida ni alƙalin wasa. A kurket jifa shida mai jifa yake yi a jere, alƙali ya ce an gama, a sauya gefe. Baturen ya ba ni tsakuwa shida. Duk jifa ɗaya in mayar da tsakuwa ɗaya daga aljihun dama zuwa na hagu, kada in taɓa dogara da kaina.

Shekara goma sha ina yin haka, har bayan ya koma gida. Na yi girman kai da aikin, ba zan ɓoye ba.

Ranar da abin ya faru, mai riƙe da sandan bugu wani saurayi ne Kirista daga kudancin jihar, wanda ake maganar za a ɗauke shi ya buga wa ƙasa. A jifa na huɗu mai jifa ya tsaya yi mini gardama, na biye masa, na manta ban mayar da tsakuwa ba. Aka yi na shida, na laluba dama na ji saura ɗaya, na ce a ci gaba. Ƙwallon kurket tauri gare shi kamar dutsen guga, kuma a lokacin ba mu da hular kariya. Da aka jefo, ya sami saurayin a idon hagu. Har yau nakan ji ƙarar, wani lokaci ina tsakiyar alwala.

Mai rubuta maki ne ya raɗa mini a bakin asibiti cewa jifa na bakwai ne. Bai gaya wa kowa ba har ya rasu.

Idon ya tafi, wasan ma ya tafi. Saurayin ya koyi ɗinki, ya buɗe shago a unguwar Wunti. Shekara talatin shi yake mini kaya, duk da wuyan rigarsa bai taɓa zama daidai ba. Uwargidana ta yi mita har ta gaji. Duk zuwa da niyyar gaya masa nake zuwa, sai in ƙare da zaɓen maɓalli. Tsoro nake ji, kuma na fi tsoron in mutu da maganar a ciki.

Bara, bayan na tashi daga wata jinya, na hau keke na je. Yana gwada mini kafaɗa na ce, "Maigida, jifan nan da ya same ka, na bakwai ne. Ni na yi kuskuren ƙirga."

Bai ajiye abin awon ba.

"Alƙali, ai na sani," ya ce. "Ni ma ina ƙirgawa. Da aka yi na shida na ɗaga kai, ina jira ka ce an gama. Da ba ka ce ba, na ce to ni ne na ɓata lissafi, Alƙali ba ya kuskure. Kai nake kallo lokacin da ƙwallon ya zo."

Ya ce in juya ya auna baya. Na juya.