Wa Zan Roƙa Ya Yafe wa Habu?

Shekara arba'in da bakwai ke nan da ƙanina Habu ya rasu. Ban yi boko ba. 'Yarsa Hadiza, wadda yanzu ita ma ta yi jikoki, ita ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na hana ta gyara min magana.

Ranar da muka mayar da shi ga Mahaliccinsa, mu biyar muka rage a falon gidansa na Tottenham. Akwai ni, Asabe, yayarsa, da na zo Landan wankan jegon matarsa na zarce. Akwai matar, Rabi, da ta shiga takaba, da jaririyarta Hadiza a cinya. Akwai Malam Sani da ya yi masa salla. Sai Dauda, Kirista mutumin Kagoro, abokin aikinsa.

Lokacin kuɗin mai ne, gwamnatinmu na kwasar samari tana turo su koyon sana'a. Haka Habu ya zo kamfanin da ke ƙera jiragen yaƙi, can bayan gari. Ya gama koyo suka riƙe shi, yana haɗa fukafukai. Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, magana ɗaya ya bar min: "Yaya, ki je wurin aiki ki nema min yafiyar masu gidana." Na ce na ɗauka. A garinmu ba a barin mamaci da haƙƙin wanda ya yi wa aiki. Rabi ba ta fita, sai ni.

Na dubi Dauda na ce, "Gobe za ka kai ni wurin mai kamfanin."

Ya sosa ƙeya. "Yaya, wanne daga ciki?"

Ya ce Baturen da ya kafa shi, wanda sunansa ke bayan rigar aikin Habu, ya mutu tun kafin a haife mu. Bayansa aka yi musu merger, wato aka haɗe su da wani kamfani, wani babba ya zo ya haɗiye su duka biyun. Kwanan nan kuma gwamnatin Ingila ta tattara masu ƙera jirage kaf ta zuba su a tukunya ɗaya, ta raɗa sabon suna.

"To 'ya'yan Baturen fa?"

"Sun sayar, sun yi gaba."

"Sarauniya ce mai shi ke nan?"

"A'a, Yaya. Na gwamnati ne."

"Gwamnatin tana da baki? Za ta iya cewa na yafe?"

Malam Sani ya ce niyya ta wadatar, in yi addu'a daga gida. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni aka aika, ba kai ba." Dauda ya ce akwai manaja, amma shi ma ɗaukar sa aka yi, bai kai Habu daɗewa ba. Na rasa gane yadda mutum zai yi shekaru yana sammako domin gida, a ce gidan ba shi da mai shi.

Har yau ban gane ba. Hadiza ta ce daga baya gwamnatin ta sake sayar da kamfanin, ya sake suna, yanzu masu shi dubbai ne a ƙasashe daban-daban, ba su ma san juna ba. Filin da Habu ya yi aiki an rushe an gina gidajen kwana, flat-flat. Ta nuna min a waya jiragen da ke tashi ba matuƙi, suna kai hari. Da Habu na nan, ban san ko zai yi murna da gwanintar ba, ko zai yi shirun nan da yakan yi in an nuno yaƙi a talabijin. Yakan miƙe ya kashe. Wani lokaci ina tunanin ba masu kamfanin yake nufi ba da ya ce a nema masa yafiya. Ban tambaye shi ba, kuma ba ya nan.

Kamfanin ya canza suna har ban iya lissafi ba, Habu kuwa yana nan Habu: mutumin da ya ji tsoron haƙƙi ko da bai san na wane ne ba. Abin da ya bar mana ke nan.

Washegarin jana'izar na yafa mayafina, na ɗauki rigar aikinsa da na wanke, Dauda ya sa ni a tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, muka sauka muka hau jirgin ƙasa. A bakin ƙofar an kafa sabon allo, amma tabon tsofaffin haruffan na nan a bango. Ko ni da ban iya karatu ba na gani. Na miƙa wa mai gadi rigar. Na tsaya inda ma'aikata ke shiga, duk wanda ya zo in ce, "Habu ya rasu, ka yafe masa," Dauda na juyawa da Turanci. Wasu suka kauce min. Wani tsoho ya cire hularsa ya yi magana, Dauda ya ce, "Ya ce ya yafe."

Ana haka wani jirgi ya taso daga bayan ginin, ƙararsa har cikin haƙorana. Na ɗaga kai na ce wa jirgin, "Kai ma, duk garin da aka aike ka, ka ce su yafe wa Habu."

Dauda ya ce, "Yaya, wannan ma in fassara?"

Na ce ya bari.