Ranin da Aka Bar Sajo a Gida

Sajo Bafulatani ne na wata ruga yamma da Sule Tankarkar, kuma duk yankin an san shi da kira. Daga bakin rijiya zai saki murya sau ɗaya, shanunsa su baro kiwo su taho. Shekara arba'in yana kwana a gefen garke, cikin hayaƙin busasshen kashin shanu da ake turarawa don korar sauro. Sauro ya tafi, hayaƙin ya zauna masa a ƙirji.

Ni ne malamin asibitin garin a lokacin, asibitin da ba shi da komai sai ruwan maganin tari da ƙwayar ciwon kai. A 1971 wani likita ya zo daga Kano, ya saurari ƙirjin Sajo, ya ce hanyoyin iskar huhunsa ne ke toshewa a hankali. Ya ce duk kaka in kunna ashana, in ga daga wane nisa zai iya hure ta, in rubuta. Nan take kaina ya kumbura, wai ni ma ina bincike.

Shekarar farko ya kashe ta daga kamu guda yana dariya. Bayan farin 1973, wanda ya bar masa shanu goma sha ɗaya, sai daga taƙi. A 1976 ya hura har leɓensa ya yi baƙi, wutar ko rawa ba ta yi ba. Daga ƙofa zuwa benci ma sai ya tsaya ya huta.

Abu ɗaya ya rage masa, bin shanunsa kudu in rani ya yi.

"Malam, kada mutanen gida su ji," ya ce mini. "In suka bar ni, me zan zauna in yi?"

Mako bai cika ba ƙanensa Ya'u ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi jikin yayansa. Ni kuma sarkin iyawa na jawo takarda, na karanta masa shekara bayan shekara, har da ƙarin bayanin cewa baɗi sai ta fi bana muni. Ba wanda ya taɓa tambayata aikin nan, shi ya sa bakina ya ƙi rufuwa. Har yau ina jin haushin kaina.

Da rani ya yi, mutanen gidan suka tafi kudu da shanun, suka bar Sajo da matarsa Sabuwa da awaki biyu.

Bai sake zuwa asibiti ba. Sai wata Alhamis na gan shi a kasuwar shanu ta Maigatari, zaune a gefe yana kallon shanun mutane. Ashe duk mako yake hawa motar kasuwa don wannan kawai. Na gaishe shi. Ya daɗe yana tara numfashi.

"Gaskiya ka faɗa musu, Malam," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Shekara shida kana auna ni. To, ina maganin?"